Me ya sa siririn yaro ke fin ƙato nisan bugu a golf?

Dan_Rimi: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, don Allah ban da dariya. Ban daɗe da fara golf ba, wani abokin aiki ne ya ja ni. Ni mutum ne mai jiki, ina ɗaga ƙarfe tun ina makaranta. Amma in na ɗauki direba, wato doguwar sandar da ake bugun nesa da ita, na zage iya ƙarfina na maka wa ƙwallo, da ƙyar take kai yadi 180, kuma sau da yawa sai ta lanƙwashe dama ta faɗa ciyawa. Yaron da ke ɗaukar mini jaka kuwa siriri ne, ko rabin nauyina ban ce ya kai ba. Ya karɓi sandar nan tawa, ya ɗaga a hankali kamar ba ya so, ƙwallo ta tafi ɗoɗar ta wuce tawa nesa ba kusa ba. Sanda ɗaya, ƙwallo iri ɗaya. To ina ƙarfin nawa yake zurarewa?

Sarkin_Tsokana: Wa alaikumus salam. Ka makara, ni kam na riga na yi dariyar. Shawarata ka riƙa ɗaukar jakar, yaron ya riƙa bugawa, kowa ya huta.

MalamFiziks: Dan_Rimi, ƙyale Sarki. Ƙwallo ba ruwanta da damtsenka. Duk haɗuwarta da kan sanda ba ta wuce kashi ɗaya cikin 2,000 na sakan ba, kuma a wannan ɗan lokacin kan sandar bai fi santimita 2 yake matsawa ba. Babu tsokar da za ta iya ƙara wani abu a ciki. Abin da kan sanda ya zo da shi, shi ke nan: saurinsa, inda fuskarsa ke kallo, da wurin da ƙwallo ta taɓa a fuskar.

Ƙwallon ba ta wuce giram 46 a doka, kan direba kuma wajen giram 200 ne. In bugu ya sauka daidai tsakiya, ƙwallo na tashi da kusan ninki ɗaya da rabi na saurin kan sandar. Ƙwararrun gasar PGA a Amurka suna kawo kan sanda da saurin kilomita 180 da 'yan kai a awa, ƙwallo ta tashi da wajen 270. Namiji mai buga wasan nishaɗi yakan tsaya kusa da 150. In ka lissafa, ƙarfin da ke matse ƙwallon ƙwararre a lokacin haɗuwar ya kai a ɗora mata nauyin kilo 700, har sai ta baje kafin ta dawo daidai. Wannan ƙarfin daga saurin da aka tara tun daga sama yake fitowa, babu hannun da ke tura shi a lokacin.

Kadi_Tsoho: Malam ya yi bayanin boko, bari in faɗi na fili. Na yi shekaru ina ɗaukar jaka kafin in fara koyarwa, kuma masu jiki irin Yallaɓai Dan_Rimi tun daga riƙo nake gane su. Za ka ga jijiyoyin hannu sun miƙe, kafaɗu sun hau kusa da kunne, haƙora a cije. Duba safar hannunsu, a tafin hannu take hujewa, saboda sun damƙe ƙota a tafi maimakon a yatsu. Wuyan hannun da ya sandare ba ya sakin sanda. Shi kuma yaronka tun yana ƙarami yake wasa da tsofaffin sandunan manya, waɗanda suka fi ƙarfinsa, don haka dole ya koyi juya jiki duka ya bar nauyin sanda ya yi aiki. Ko da ido a rufe zan bambance bugunku. Nasa zai yi ƙara tas, naka kuma ya yi dum.

Dan_Rimi: Baba Kadi, wallahi kamar kana wurin. Safata a tafi ta huje.

Injiniya_Bukuru: Bari in ɗora a kan abin da Baba ya faɗa, don abin da ya gani da ido shi masu bincike suka auna. A 1968 wasu 'yan Birtaniya biyu, Alastair Cochran da John Stobbs, sun fitar da sakamakon binciken da aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka. Sun nuna ana iya kwatanta bugun golf da lilo biyu a haɗe. Lilo na farko hannuwa ne, suna juyawa daga kafaɗa. Na biyu sanda ce, tana juyawa daga wuyan hannu. A farkon saukowa, gwani yana barin sanda a naɗe, kusurwa tsakaninta da hannunsa kusan digiri 90. A haka jiki ke juyawa da sauri, domin nauyin yana kusa da shi. Sai can ƙasa, hannuwa sun kusa cinya, sandar ke warwarewa.

Ga abin da ke ba mutane mamaki: dab da bugu, hannuwan gwani rage sauri suke yi. Ƙugu ne ke fara juyawa, ya rage ya miƙa wa ƙirji, ƙirji ya miƙa wa hannuwa, hannuwa su miƙa wa sanda. Duk wanda ya taɓa kaɗa bulala ya san wannan. Hannu na tsayawa ne sannan bakin bulalar ya yi ƙara, kuma in ka bi ta da hannu har ƙarshe ba za ta yi kuka ba. Mai ƙarfi yakan fara da kafaɗa da hannu tun daga sama, ya warware sandar da wuri, saurin ya ƙare a iska kafin a iso ƙwallo.

Ƙarfe_Zalla: Ni fa ban yarda da wannan zancen na cewa ƙarfi ba kome ba ne. Bryson DeChambeau fiziks ɗin nan ya karanta a jami'a. Da ya so ƙarin nisa me ya yi? A 2020 ya shiga ɗaga ƙarfe, ya ƙara jiki sosai, ya zama kan gaba a nisan bugu, ya kuma ci babbar gasar US Open a shekarar. In dabara kaɗai ce, me ya kai shi gidan motsa jiki?

MalamFiziks: Ba wanda ya ce ƙarfi ba kome ba ne, ɗan'uwa. DeChambeau ya riga ya iya jeranta jikinsa tun yana yaro, sannan ya ƙara ƙarfi a kai. In mutum biyu sun yi daidai a dabara, mai ƙarfin ƙafa da ƙugu zai fi. Amma dubi Rory McIlroy, tsawonsa wajen mita 1.75 ne kawai, kuma a kakar 2023 matsakaicin bugunsa ya haura yadi 326, ya fi kowa a gasar. Jon Rahm ko ɗaga sanda ba ya kaiwa sama sosai saboda matsalar ƙafa da aka haife shi da ita, amma yana cikin masu nisa.

Ƙarfe_Zalla: McIlroy ma ai yana ɗaga ƙarfe. Ka duba hotunansa.

Hajiya_Par4: Ku bar ni in shigo, tunda an mai da zancen na damtse. Ƙwararrun mata na gasar LPGA matsakaicin saurin sandarsu wajen kilomita 150 ne a awa, wato daidai da na namiji mai wasan nishaɗi da Malam ya ambata. Amma su suna kai yadi 250, shi kuma yana fama a 210 zuwa 220. Sauri ɗaya, bambancin yadi talatin ko fiye. Dalili shi ne suna samun tsakiyar fuska kusan kullum, kuma da direba sanda na ɗan hawa sama lokacin da ta samu ƙwallo, sai ta tashi da kyau ba tare da juyi ya yi yawa ba. Ni da maigidana muke bugawa, ya fi ni ƙarfi ba gardama, amma a rami mai tsawo sau da yawa shi ke fara buga na biyu. Masu wasa sun san me hakan ke nufi: wanda ƙwallonsa ta fi nisa da rami shi ke fara bugawa.

Sarkin_Tsokana: Hajiya, Allah ya sa Alhaji ba ya cikin wannan zauren.

Hajiya_Par4: Yana ciki, karatu yake yi shiru.

BabanZara: Tambayar jahili. Tunda Dan_Rimi na da ƙarfi, me zai hana a yi masa sanda mai nauyin kai, ya yi amfani da abin da Allah ya ba shi?

Injiniya_Bukuru: Tambaya ce mai kyau, kuma lissafinta gajere ne. Da kai mai giram 200, ƙwallo na samun kusan ninki 1.49 na saurin sanda. In ka ninka nauyin ya zama giram 400, za ta samu wajen 1.64. Ka ninka nauyi, riba kashi 10 cikin 100 kacal, kuma ba za ka iya kaɗa ta da saurin da kake kaɗa ta farko ba, ribar ta tafi. Shi ya sa duk kamfanoni suka tsaya kusa da 200. Inda suka fi nema a da shi ne fuskar da ke lotsawa ta turo ƙwallo, har hukumomin wasan biyu, USGA da R&A, suka sa wa ma'aunin wannan turowar iyaka a 0.83, suka kuma tsayar da girman kan direba a santimita kubik (cc) 460.

Talaka_Bawan_Allah: Ikon Allah. Mutane na neman na masara, ku kuna lissafin giram ɗin sandar da kuɗinta ya fi albashin wani.

Kadi_Tsoho: Gaskiya ne sandunan da tsada, ɗana. Amma ni da ɗaukar jakar nan na yi aure na sa 'ya'ya a makaranta, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Ba kowa da ke filin ne mai kuɗi ba. Mu koma kan ƙwallon da ke tafiya dama, don ba a amsa masa wannan ba.

MalamFiziks: Haka ne Baba. A da ana koyar da cewa ƙwallo na fara tafiya ne ta inda sanda ta bi. Da na'urorin rada irin su TrackMan suka zo, sai aka ga da direba kusan kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo ke fara nufa daga kallon fuskar sanda ne. Lanƙwasar kuma tana fitowa daga bambancin da ke tsakanin kallon fuska da hanyar da sanda ta bi. Mai bugu da dama wanda ya fara da kafaɗa, sandarsa kan zo daga waje ta yanka zuwa hagu, fuskar kuma a buɗe take in an kwatanta da wannan hanyar. Kowace ƙwallo tana tashi tana juyawa baya, amma a irin wannan bugu juyin kan karkace, sai ƙarfin da ya kamata ya ɗaga ta sama ya raba, wani ya ja ta dama.

Abin haushin shi ne, mutum na ganin tana zuwa dama sai ya ƙara nufar hagu, yankan ya ƙaru, lanƙwasar ta ƙaru. Don haka tambayoyin Dan_Rimi biyu tushensu ɗaya. Bugun da ke yanka ƙwallo a karkace yana zubar da sauri a juyi maimakon tafiya.

Ummu_Hanif: Ni ba na wasan, 'yata ce ke yi. Malam, su waɗannan 'yan ramukan da ke jikin ƙwallon fa, ado ne? A tunanina mai sulɓi ya kamata ta fi ratsa iska.

MalamFiziks: Haka kowa ke zato, Hajiya. Tun daga 1848 aka fara yin ƙwallo da wani ƙaro mai suna gutta-percha, masu sulɓi, sai 'yan wasa a Sikotilan suka lura tsohuwar da ta sha sara ta fi sabuwa tafiya. Har aka riƙa bubbuga su da guduma da gangan kafin a sayar. A 1905 wani injiniyan Ingila, William Taylor, ya nemi rajistar tsarin ramukan. Yau ƙwallo kan ɗauki tsakanin 300 da 500. Ramukan na hargitsa siririn iskan da ke manne da jikin ƙwallo, sai ya daɗe yana bin ta kafin ya rabu, wurin da iska ke tsotsar ta a baya ya ragu. Mai sulɓi kusan rabin nisan za ta yi. Juyin baya kuma shi ke riƙe ta a sama, abin da wani farfesa a Edinbara, Peter Guthrie Tait, ya nuna tun a shekarun 1890. Direba kan ba da juyi wajen 2,500 a minti, sandar ƙarfe mai lamba 7, wadda ba ta kai direba nisa ba, wajen 7,000. Shi ya sa ba a harba ƙwallon golf a digiri 45 kamar yadda muke koya wa ɗalibai a lissafin jifa. Da direba tsakanin 10 da 15 ne, iska ke ƙarasa ɗagawar.

Injiniya_Bukuru: Tunda an zo zancen iska, mu na Jos muna da ɗan gata. Muna wajen mita 1,200 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, ƙwallo kan ƙara kusan kashi 5 cikin 100. Baƙin da ke zuwa Rayfield, filin da ke nan tun zamanin Turawan haƙar kuza, sukan yi ta wuce rami a ranar farko suna zaton hannunsu ne ya yi kyau. A birnin Meziko da aka yi gasar manya daga 2017 zuwa 2020, tudun ya haura mita 2,200, bambancin ya fi haka nesa.

BabanZara: Shi ya sa kenan da damina ƙwallo ba ta nisa, iska ta yi nauyi da ruwa.

Injiniya_Bukuru: A'a Baban Zara, akasin haka ne. Iska mai laima ta ɗan fi busasshiya sauƙi, domin tururin ruwa bai kai iskar da ya maye gurbinta nauyi ba, kodayake bambancin kaɗan ne. Ƙasa ce ke cin nisan. Da damina ƙwallo na sauka ta tsaya a jiƙaƙƙiyar ciyawa. Da rani kuwa ƙasarmu ta bushe ƙamas, ta sauka ta yi ta gangarawa. Sanyin safiyar hunturu shi ne ke sa iska nauyi da gaske.

Kadi_Tsoho: Kuma in iskar hunturu na fuskantarka, ƙaramar lanƙwasa sai ta zama babba. A nan masu ƙarfi ke ƙara zagewa, juyi ya ƙaru, ƙwallo ta hau sama ta tsaya ta faɗo kusa. Muna ce musu in iska ta taso, a sassauta.

Sarkin_Tsokana: To a kai Dan_Rimi duniyar wata mana, can ba iska, ba lanƙwasa.

MalamFiziks: Da wasa ka faɗa amma an yi. A Fabrairun 1971 Alan Shepard na kumbon Apollo 14 ya buga ƙwallo biyu a wata. Ba iska, jan ƙasa kuma kashi ɗaya cikin shida na namu. Sai dai kayan da ke jikinsa sun hana shi juya ƙugu, da hannu ɗaya ya buga. Da aka sake nazarin hotunan a 2021, an gano wadda ta fi nisa wajen yadi 40 ta yi.

Kadi_Tsoho: Malam, akwai inda nake da ja a maganarka ta farko. Ka ce kome na ƙarewa a lokacin haɗuwa. To me ya sa duk wanda ya tsayar da sanda bayan bugu ƙwallonsa ba ta tafiya? Mu muna koyar da a ƙarasa har ciki ya kalli inda ake nufa, kuma yana aiki.

MalamFiziks: Yana aiki Baba, ban musa ba. Amma kafin girgizar bugun ta hau ƙota ta iso hannunka, ƙwallo ta riga ta tafi. Abin da ka yi bayan nan ba ya isa gare ta. Wanda ya yi niyyar tsayawa, tun kafin haɗuwa yake fara taka birki, shi ne asarar. Ƙarasawa alama ce ta cewa ba a rage sauri da wuri ba.

Kadi_Tsoho: To ni dai ba zan gaya wa ɗalibi haka ba. Ranar da ka ce masa ƙarasawa ba ta taɓa ƙwallo, ranar zai daina yi. Haka maganar Injiniya ta barin sanda a naɗe. Na ga waɗanda suka ji wannan a bidiyo suka riƙa ƙanƙame wuyan hannu da gangan, fuska ta zo a buɗe, abin ya fi da lalacewa. Naɗin nan shi ke zuwa da kansa in ƙafa ta fara aiki kuma riƙo ya yi laushi. Yallaɓai Dan_Rimi, kafin kome ka yi wannan: shafa hoda ko alli a fuskar direba, ka buga 'yan ƙwallaye, ka duba inda tabon yake.

Injiniya_Bukuru: A kan ƙanƙamewa na yarda da Baba. Lissafi na nuna abin da ke faruwa ne, koyar da shi wani aiki ne daban.

Dan_Rimi: Na dawo. Na yi gwajin hodar da yamma. Tabon kusan duk yana can ciki kusa da inda ƙota ta shiga kan sandar, ɗaya ma a ƙasan fuska. Na ba yaron ya buga, nasa suka taru a tsakiya, babban yatsa zai rufe su.

MalamFiziks: To ga wani ɓangaren amsar. Bugun da ya sauka ta wajen ƙota yana murɗa kan sandar, murɗawar ta ci wani kaso na saurin, sannan ta sa wa ƙwallo juyin da ke ƙara kai ta dama. In ta wajen bakin sanda ne, hagu take lanƙwasawa. Don rage wannan ne aka yi fuskar direba da ɗan tudu, ba shafaffiya ba. Mai yiwuwa saurin sandarka bai gaza na yaron ba ma.

Ƙarfe_Zalla: Kun ji ko? Ashe ƙarfin na nan. Ya gyara tsakiya kawai, ku ga in yaron zai sake kamo shi.

Hajiya_Par4: Ba a auna saurin nasa ba tukuna, kar ka yi saurin cin gari. Dan_Rimi, gwada riƙe ƙotar ƙasa kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu. Direbobin kanti sukan haura inci 45, kuma ƙwararru da yawa suna rage nasu don su riƙa samun tsakiya.

Kadi_Tsoho: Zai taimaka, Hajiya, amma in kafaɗa ce ke fara saukowa tabon zai koma inda yake. Ni da zai ji tawa, ya ajiye direba na ɗan lokaci, ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya ya riƙa buga lamba 7 da rabin ɗagawa. Wanda ya zage a haka faɗuwa zai yi.

Ƙarfe_Zalla: A samo na'urar aunawa dai a sa su biyun. Ina nan a kan bakana.

Ummu_Hanif: Baba Kadi, 'yar tawa bahaguwa ce. Duk abin da kuka faɗa na dama da hagu juyawa zan yi mata, ko akwai wani bambanci?

Kadi_Tsoho: Juyawa kawai, Hajiya. Wahalarku ita ce samun sandunan bahago, ba su cika zuwa kasuwarmu ba. Kar dai a tilasta mata komawa dama saboda haka.